An Binne Shi Cikin Shinkafa

A Hausar Kaka Serah babu mace. Akuya ya haihu, kaza ya yi ƙwai, 'yarta ma da aka kai Kwali ya yi aure ne. Da girmanta ta koyi Hausar a kasuwar Sheda wajen sayar da doya, kuma tun da ciniki yana faɗawa, ba wanda ya taɓa tsayawa gyara mata. Ga shi kunnenta na hagu ya yi ritaya tun kafin ta dawo Durumi wurin jikanta Dominic.

Shi Dominic mai ƙanƙara ne, ko kuwa dai haka ya so ya zama. Ya ci bashi a wani kamfanin ba da rance ya sayi firiza, doguwa, fara sol, ya girke ta a ƙarƙashin rumfar kwano a ƙofar ɗakinsu. Kamfanin suka ce sai ya kawo wanda zai tsaya masa. Duk faɗin Abuja mutum ɗaya ce ta yarda, Angela, mai ɗinki a kasuwar Utako, wadda Dominic ya daɗe yana kai wa ruwan sanyi kyauta yana dawowa da maganarsa a baki. Ranar da ta sa hannu ko kallonsa ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Kada ka ɗauka wani abu ne. Tausayin Kaka na ji." Dominic ya dawo gida yana juya kalmomin nan kamar mai neman wani ɗan zaƙi da aka ɓoye a ƙarƙashinsu.

Damina na kankama taransifomar unguwa ta ƙone. Ƙanƙara ta zama ruwa, jari ya bi ta. Kamfani suka yi kira har suka gaji, suka kai magana kotu. Dominic ya koma fita ta bayan gidaje, har maƙwabta suka manta rabon da su gan shi da rana. Jiya kuma da safe, yana kwashe ruwan da ya taru a firiza, wayarsa ta sulale daga aljihu ta faɗa ciki, tsulum.

Yau da hantsi yana goge cikin firizar sai ya hango mutum biyu a bakin lungu. Ɗaya ya san shi, Kingsley ne, mai karɓar bashi na kamfanin, da baƙin gilashinsa. Ɗayan dattijo ne mai farar kaftani da jaka a hammata, yana tsallake kwata a hankali kamar ba ya so ya ɓata mata rai. Dominic ya duba hagu, bango. Ya duba dama, bango. Sai ya ɗaga ƙafa ya shige firiza, ya maƙala silifas ɗinsa a bakin murfi don iska, ya kwanta ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Dattijon shi ne Malam Umar Farouk, masinjan kotu, wanda aka turo ya kwashe kaya. Bai daɗe da aka dawo da shi Abuja daga Katsina ba, kuma mutum ne da ke ɗaukar kowace kalma yadda aka faɗe ta. Daidai isowarsu Kaka ta fito daga bayan ɗaki da tiren wake.

"Salamu alaikum. Sannu da gida, Mama."

"Sannu, yarona. Ƙanƙara ne? Babu. Wuta ya gudu."

"A'a, Mama, daga kotu nake. Nan ne gidan Dominic?"

"Nan ne."

"Wannan bawan Allah ya ce tun jiya suke kiransa a waya, ba ta shiga."

Kaka ta ajiye tire ta girgiza kai.

"Ai ya mutu."

Malam Umar Farouk ya sauke jakarsa ƙasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe, Mama?"

"Jiya da safe. Ya faɗa ruwa."

"Subhanallahi! Ba a yi saurin ciro shi ba?"

"An ciro. An girgiza shi, an hura masa iska, an shanya shi a rana. Ko motsi."

"An shanya shi," in ji Malam Umar Farouk a hankali.

"Dama ba shi da lafiya. Kullum jikinsa zafi. Wani lokaci sai an mare shi yake magana. Amma fa ya iya waƙa. Shi ke tashina da asuba."

"Allah sarki. To an riga an binne shi ke nan?"

"An binne. Cikin shinkafa."

"Gonar shinkafa?"

"Wane gona? Buhu. Yana ɗaki, bayan ƙofa."

Malam Umar Farouk ya dubi ƙofar ɗakin, ya ɗan matsa baya.

"Duk ya shige, Mama?"

"Ai ba shi da girma. Wani mai ilimi a Utako ya ce a bar shi kwana uku, zai tashi."

Ranar da Malam Umar Farouk ya kama aiki a Abuja an ja masa kunne cewa garin nan na kowa da kowa ne, kada ya kuskura ya raina al'adar mutane. Maganar tashi bayan kwana uku kuma ya taɓa jin maƙwabtansa Kiristoci suna yin ta, kuma gidan makoki ba wurin gardamar addini ba ne. Don haka ya haɗiye tambayoyinsa, ya tuɓe takalma, ya zauna a kan tabarmar Kaka.

"Oga Umar, abeg, me ta ce?" in ji Kingsley, wanda Hausarsa ba ta wuce "ina kuɗi" da "gobe zan dawo" ba.

"Mutuminka ya rasu. Cire gilashin nan, ba a gidan biki kake ba."

Kingsley ya cire. Ya sunkuyar da kai saboda ladabi, sannan ya nuna firiza da haɓa.

"To mu ɗauki wannan mu tafi."

"Ka ɗauki me? Takardar da ke hannuna kayan Dominic ta ce. Dominic ya koma ga Mahaliccinsa, kaya sun zama na magada. Ni ba na taɓa gado. Kai ma in kana da sauran tsoron Allah, nemi wuri ka zauna."

Kingsley ya nemi wuri ya zauna, a kan firiza. Murfi ya danno, silifas ya lotsa, amma bai ci amanar mai shi ba.

A cikin duhu da warin tsohuwar leda, zuciyar Dominic ta yi wani tsalle. Bai taɓa sanin mutuwa tana da sauƙi haka ba. Ba bashi, ba kotu, ba kiran waya, firiza kuma ta zama gado, wato ta Kaka, wato tasa. Nan take ya tsara sabuwar rayuwa. Zai jira su tafi, ya sulale Sheda, ya tara gemu, ya sake suna ya koma Godfrey. Daga baya a aiko masa da firizarsa a motar doya. Har ya fara tausayin Dominic, yaro mai kirki, ya tafi da ƙuruciyarsa.

A waje kuwa Maman Treasure, mai tuyar ƙosai a kusurwar lungu, ta hango malami zaune a ƙofar Kaka ya ɗaga hannuwa sama. Ta zo da ludayinta.

"Malam, lafiya?"

"Sai haƙuri, Hajiya. Dominic. Ruwa."

Maman Treasure ta yar da ludayi ta ɗora hannu a ka. Ai kowa ya san yadda rafin bayan Durumi ke cika da damina. Ihunta ɗaya ya isar da saƙo inda waya ba ta kaiwa. Kafin wani lokaci an jero kujerun roba daga coci, an kafa rumfa, an shimfiɗa wa firiza farin zane, an kunna kyandir an ajiye kusa da cinyar Kingsley. Aka kawo kwano don gudummawa. Mata suka kewaye Kaka.

"Kaka, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

"Amin. Na gode."

"Ina aka kai shi?"

"An riga an yi abin da ya kamata," in ji Malam Umar Farouk da sauri, don ya rufa wa tsohuwa asiri.

Kaka ta yi ta mamakin mutanen Abuja. A Sheda ko saniya ce ta mutu ba a kafa rumfa. Da ta ji ana ta "marigayi, marigayi", ta ɗauka sunan kamfanin wayar ne. Amma da ta tuna waƙar asuba sai ita ma ƙwalla ta zo mata, mata kuwa suka ƙara ƙaimi.

"A ɗora wa baƙi tukunya," in ji Maman Treasure tana share hanci. "Na san akwai buhun shinkafa bayan ƙofa."

Ba wanda ya taɓa ganin dattijo ya miƙe da irin wannan zafin nama. Malam Umar Farouk ya tare ƙofa da hannu biyu.

"Kada wanda ya taɓa shinkafar nan!"

"Haba Malam, ai don shi za a dafa."

"Na ce kada a taɓa! Ungo, a sayo wata a shago." Ya zazzage aljihunsa a tafinta.

Shi kuwa Kingsley ya kira ofis. Daga cikin firiza Dominic yana jin "yes oga, yes oga" tana saukowa ta murfi. Da ya gama ya ce, "Oga ya ce ba wahala. Sun rubuta ya mutu. Amma takardar kotu sunan mutum biyu ne a cikinta. In babu na farko, sai wadda ta tsaya masa. Tela ce a Utako, tana da keken ɗinki."

Malam Umar Farouk ya buɗe jaka ya duba, ya sauke numfashi. "Haka ne kuwa. Allah ya kyauta."

Dominic ya ji wani sanyi ya ratsa shi, irin wanda firizar ba ta taɓa yi ba ko lokacin da ake da wuta. Ya san keken nan. Ya san shekarun da Angela ta yi tana share shagon wata, tana ɗinka maɓalli har yatsunta suka yi kanta, kafin ta mallake shi. Kowace yamma sai ta goge shi da mai, ta lulluɓe shi da atamfa kamar jariri. Amma Godfrey na Sheda ya raɗa masa cewa ai keke ana sake saye, kuma wa ya sani, ƙila su tarar ta rufe shago. Ya runtse ido ya ƙara lafewa.

Ba su je Utako ba, Utako ce ta zo. Wata mai sayar da zare ta kai wa Angela labari, ta taho a guje da tef ɗin awo a wuya, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ta zube a gaban Kaka.

"Kaka! Ina Dominic? Kaka, ki ce mini ƙarya suke yi!"

"Angela, ka zo? Dominic ya tafi. Ko sallama bai yi mini ba."

Kukan da Angela ta fasa ya sa har kajin maƙwabta suka yi tsit. Ta rarrafa ta rungume firiza, don ita ce abin da ya rage nasa, ta kifa goshi a kan farin zane, daidai saitin fuskar Dominic.

"Wawa," ta ce cikin kuka. "Wawan Allah. Kullum ka zo ka tsaya mini a bakin shago da ruwan sanyi, kana kallon ƙasa kamar ka yar da allura. Ni ko son ruwan sanyi ba na yi, haƙorina yake tayarwa! Sha nake yi don kai. Ina jira ka buɗe baki ka faɗi abu ɗaya, ɗaya tak, sai ka ce mini wai ya kasuwa. Ka ɗauka tausayin Kaka ne ya sa na sa hannu? Kaka da ta fi ni lafiya? Har yadin rigata na saya na ɓoye a ƙasan akwati, fari, ban gaya wa kowa ba. Yanzu wa zan sa wa?"

Hawaye suka gangaro wa Dominic ta gefen ido suka cika masa kunnuwa. Duk littattafan soyayyar da ya taɓa ara a bakin tasha, babu wanda aka faɗi magana mai daɗin wannan a ciki, ga shi kuma sai da ya mutu aka faɗa masa.

Kingsley ya yi gyaran murya. "Sori, madam. Ke ce Angela? Ba lokacinsa ba ne, amma aiki aiki ne. Keken ɗinki. Yau."

"Kai wane irin mutum ne?" in ji Maman Treasure. "A kan gawa?"

"Ku bar shi," in ji Angela. Ta zaro makullin shago daga ƙugunta ta ajiye a kan zane. "Ku je ku ɗauka. Bashinsa ne. Ba na so ya kwanta da nauyin kowa a kansa."

Ƙarar makullin nan a kan murfi ita ta kashe Godfrey. Dominic ya tattara ƙarfinsa ya ƙwanƙwasa daga ciki.

Kingsley ya dubi tsakanin ƙafafunsa. Aka sake ƙwanƙwasawa. Bai san lokacin da ya tsinci kansa a bayan Maman Treasure ba. Murfi ya ɗaga a hankali, kyandir ya faɗi, Dominic ya miƙe tsaye da farin zane a kafaɗa, silifas ɗaya a hannu.

Kujeru suka watse. Wasu suka yi coci, wasu suka yi masallaci, wani ma ya rikice ya bi wanda ba nasa ba. Malam Umar Farouk bai gudu ba. Ya dubi ƙofar ɗaki, ya dubi firiza, ya sake duban ƙofar ɗaki.

"Bawan Allah, ai kwana uku aka ce. Kuma ta ina ka bi daga buhu zuwa nan?"

"Au, Dominic, kana nan?" in ji Kaka. "Zo ka ga mutanen kirki. Duk sun zo gaisuwan wayanka."

Malam Umar Farouk ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar.

"Mama, waya ce ta faɗa ruwa?"

"Tun ɗazu me nake faɗa?"

"Ai waya, ta mutu ake cewa. Ta."

"To, haka na ce. Ya mutu."

Kingsley ya leƙo daga maɓoyarsa, ya mayar da gilashi don ya dawo da martabarsa. "Ni ban san wannan ba. Ofis sun riga sun rubuta ya mutu, kuma oga ba ya son a canza masa magana. In ba shaida cewa yana da rai, Utako za mu."

Duk idanu suka koma kan Dominic. Shi kuwa Angela yake kallo, Angela tana kallonsa, idanunta jajur. Ya buɗe baki. Tsohuwar cutar ta dawo. Maganar ta ƙi fita, idonsa ya fara neman allurar nan a ƙasa.

"Kun gani?" in ji Kingsley. "Ba ya magana. Fatalwa ba ta biyan bashi." Ya miƙa hannu zai ɗauki makulli.

Angela ta tako, ta ɗaga takalmin da ke hannunta, ta sake shawara, ta sa tafi. Ƙarar marin ta kai bakin titi.

"Ina da rai!" in ji Dominic da ƙarfi, dafe da kunci. "Ni na ci bashin, ni Dominic, ga ni, ga firiza, ku ɗauka! Ba mai zuwa Utako. Ba mai taɓa keken nan. Kuma Angela, ba ya kasuwa nake so in ce ba, tun farko ba shi nake so in ce ba. Ina sonki!"

"Sai an mare shi yake magana," in ji Malam Umar Farouk, kamar mai yi wa kansa karatu. "Ashe tsohuwa ba ta yi ƙarya ba. Kotu ta gamsu. Kingsley, ajiye makullin baiwar Allah."

Maƙwabta suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a kwano ya zare abin da ya jefa, har da waɗanda ba su jefa ba. Maman Treasure ta ce ita kam an riga an ɗora tukunya, mutuwa ko aure sai an ci. Malam Umar Farouk ya ce kuɗin shinkafarsa ya bar wa marigayi, ko wane ne shi.

Mota ba ta shiga lungun, don haka sai da aka ɗauki firiza a kafaɗa. Dominic ya kama gaba, Kingsley ya kama baya, Malam Umar Farouk yana biye da jakarsa. Mutanen da labari bai gama isar musu ba suna ganin farin akwati suka riƙa tuɓe hula, sai kuma su ga mamacin ne a gaba yana haki. Dominic ya ji nauyin dukan jarinsa yana barinsa taki bayan taki, amma bai taɓa jin kafaɗarsa sakayau irin na yau ba. Angela tana tafe a gefensa, makulli a ƙugu, ba ta kallonsa.

"Abin da ka ji ɗazu," ta ce, "gawa na gaya wa. Ba kai ba."

"Na ji."

"Kuma ba ni da wani farin yadi."

"To."

"In ma akwai, ba za a yanka shi ba sai ka gama biyan mutanen nan. Akwai guga a shagona. Gobe da sassafe. Ka iya guga?"

"Zan koya."

"Kuma kada ka sake kawo mini ruwan sanyi."

"Ai ko na so babu."

Ta kau da kai don kada ya ga dariyarta, amma ya gani. Ta sa hannu ɗaya a ƙarƙashin firizar, kusa da nasa, wai don ta rage masa nauyi.

Sun kusa bakin titi sai wata siririyar waƙa ta taso daga can cikin lungu, muryar Kaka na biye da ita.

"Ya tashi! Jama'a, ya tashi!"

Kingsley ya kusa sakin nasa gefen. Malam Umar Farouk bai ko waiwaya ba.

"Riƙe da kyau," ya ce. "Wannan mace ce."